Ruwan esi a ƙasan mota: Ƙaramin gyara da ke tsare ƙirjin yara

Damina ta zauna sosai a Kafanchan da kewaye. Wanda ya san kudancin Kaduna ya san ruwanmu yakan fara tun wajen Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma idan marka ta kama, duwatsun Kagoro kan wuni cikin gajimare, shanya ta kwana biyu ba ta bushe ba. A irin wannan lokaci ne iyalai da yawa ke tarar da ƙasan motarsu a jiƙe, musamman gaban kujerar nan da direbobi ke wa laƙabi da kujerar mai zaman banza. Uwargida ta shiga da takalmin fita unguwa, ta sauka da shi sharkaf. Sai a shimfiɗa kwali ko tsumma, a fesa turare, a ci gaba da harka.

To amma ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa wannan ruwa daga na'urar sanyaya mota yake fitowa, wato esi, kuma abin da ya jawo shi bai wuce toshewar wani ɗan tiyo mai kaurin yatsa ba. Gyaransa na 'yan mintuna ne. Idan aka bar shi kuwa, kafet ya yi fumfuna, yaran da ake kai wa makaranta kullum safiya su riƙa shaƙar ta a rufaffiyar mota. Dalilin da ya sa maganar ta shigo shafin lafiya ke nan.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Ku tuna yadda ledar ruwan sanyi ke yin gumi idan an fito da ita daga firij. Ledar ba ta huje ba, danshin da ke cikin iska ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa. Haka esi yake aiki. A bayan dashbod akwai wani ƙarfe mai siraran haƙarƙari, kamar ƙaramin lagireto, wanda gas ke ratsawa ya sa shi ya yi sanyi ƙalau. Fanka na tura iska ta cikinsa, iskar ta huce, danshinta ya zama ɗigon ruwa ya taru a wani ɗan faranti da ke ƙasa. Daga farantin akwai tiyon roba da ya ratsa jikin mota yana zubar da ruwan ƙasa.

Saboda haka idan kun tsaya da esi a kunne kuka ga ruwa garai yana ɗiga a ƙarƙashin mota, kada hankalinku ya tashi, alamar lafiya ce. Kuma gwargwadon danshin gari, gwargwadon yawan ruwan. Motar da ke ɗiga kaɗan a Kano cikin Maris za ta zubar da mai yawa a Kafanchan cikin Agusta. A yawancin motocin da muke hawa, masu sitiyari a hagu, wannan ƙarfe yana ɓangaren dama, shi ya sa idan tiyon ya toshe ruwan ke malala a ƙafar wanda ke zaune kusa da direba.

Abubuwan da ke toshe shi duk na gida ne. Ƙurar hunturu tana taruwa a farantin, ruwan damina ya kwaɓa ta ta zama laka. Ɓurɓushin ganyen mangwaro ko na darbejiya yana shiga ta ramukan iska da ke gindin gilashin gaba. Taɓon jar ƙasa yana manne wa bakin tiyon daga waje idan an bi hanyoyin ƙauyuka marasa kwalta, irin waɗanda ke ɓallewa daga titin Zonkwa ko na Kwoi. Motar da ta daɗe a ajiye kuma, zanzaro kan yi gininsa a bakin tiyon. Wani lokaci ba toshewa ba ce, tiyon ne ya zare, ko ya lanƙwashe, ko ya tsage saboda tsufa, ko wani ya ture shi wajen aikin waya ko sa rediyo.

Abin da fumfuna ke yi wa ƙirji

Ƙarƙashin kafet ɗin mota akwai soso mai kauri da ke shan ruwa ya riƙe. Sama na iya bushewa a taɓa a ji garau, alhali ƙasa na nan jagab. Fumfuna kan soma tsiro a jiƙaƙƙen wuri cikin awa 24 zuwa 48, tana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Idan an rufe gilasai an kunna esi, musamman a maɓallin da ke juya iskar ciki, waɗannan ƙwayoyi ne ke ta zagayawa tsakanin hancin mutanen da ke motar.

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta nuna cewa masu zama a irin waɗannan wurare sun fi fuskantar tari, ciwon hanyoyin numfashi da tashin asma. Mota ta fi kowane ɗaki ƙanƙanta, kuma ta fi shi rufuwa.

Ga alamomin da ya kamata uwa ta lura da su: yaro yana atishawa ko hancinsa na zuba da an shiga mota, idonsa na ƙaiƙayi, tari na taso masa a hanyar makaranta ya lafa bayan ya sauka, ko mai asma ya koma neman abin shaƙarsa fiye da yadda ya saba. Direban haya da ke wuni a hanyar Kafanchan zuwa Jos ko Kaduna ya fi kowa shaƙa. Akwai kuma waɗanda haɗarinsu ya zarce na saura: jarirai, tsofaffi, masu ƙarancin garkuwar jiki, masu shan maganin daji, da wanda ya taɓa yin tarin fuka, domin wani nau'in fumfuna kan samu wurin zama a tabon da cutar ta bari a huhu.

A kantin magani mukan ga iyaye suna dawowa sayen maganin tari kwalba bayan kwalba, wasu har su nemi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Irin wannan tari na ƙin jinin wani abu ne da jiki ke yi, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa shi. Muddin yaro na komawa cikin motar kowace safiya, tarin zai dawo. Ku kuma guji sayen dexamethasone ko prednisolone da kanku don sun taɓa yi wa wani aiki, shan su barkatai na da illa mai yawa. Shi kuma direba ya sani cewa maganin mura irin su chlorpheniramine na sa barci, ba a sha a kama sitiyari.

Idan yaro ya kasa gama magana saboda numfashi, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, ko abin shaƙa bai kawo sauƙi ba, a tafi asibiti nan take. Tarin da ya kai mako biyu kuma a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ake yin sa a cibiyoyin gwamnati da aka tanada.

A fara tantance ruwan

Kafin a taɓa komai, a gane wane ruwa ne, domin iri uku ne ke jiƙa ƙasan mota. Ku samu farin ƙyalle ku dangwala.

Ruwan esi fari ne tas, mai sanyi, ba shi da santsi a yatsa. Yana ƙaruwa idan an yi tafiya da esi ko da ba a yi ruwan sama ba. Wani lokaci za ku ji motsin ruwa a bayan dashbod idan an sha kwana, ko ya tsiyayo a ƙafar fasinja, ko iskar esi ta fito da warin rima.

Ruwan sama shi ma fari ne, amma yana bayyana bayan an yi ruwa ko an wanke mota, ko da ba a kunna esi ba. Yakan shigo ta robar ƙofa da ta mutu, ta gefen gilashin gaba, ta magudanar rufin da ake zugewa, ko ta magudanar da ke ƙarƙashin waifa idan ganye ya cika ta. Gwajinsa mai sauƙi ne: mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, wani ya riƙa zuba ruwa a hankali a kan gilashi da ƙofofi, a ga inda zai ɓullo.

Na uku shi ne ruwan lagireto, kuma shi ya fi haɗari. A bayan dashbod akwai wani ƙaramin lagireto na hita mai ɗuma mota, wanda ruwan inji ke bi ta ciki. Idan ya huje, ruwan da zai zubo yana da launi, kore ko ja ko ruwan hoda, da santsi, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma gilashin gaba kan yi hazo mai maiƙo daga ciki. Motocin da ake zuba wa ruwan famfo zalla kuwa, ruwan zai fito da ɗumi da launin tsatsa. A duka biyun za ku ga ruwan lagireto na raguwa. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, tururinsa na ƙona fuska da hannu. Wannan aikin makaniki ne, kuma ba a jinkirta shi, don inji na iya ƙonewa.

A nan ina so iyaye su saurara da kyau. Yawancin ruwan lagireto mai launi na ɗauke da sinadarin ethylene glycol, mai zaƙi a baki amma guba ne. Kaɗan ya isa ya illata ƙaramin yaro. Da fari yakan sa shi layi kamar wanda ya bugu, da amai, daga baya numfashi ya yi sauri, cikin kwana ɗaya zuwa uku ƙoda ta iya tsayawa. Kada a ɗanɗana ruwan da aka gani a mota don a gane shi. Kada a juye ragowarsa a gorar lemo a ajiye a gida. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, a ɗauki galan ɗin a nufi asibiti ko da yaron na wasansa.

Gwajin minti 15

Idan alamu sun nuna esi ne, ga yadda za ku tabbatar. Ku ajiye motar a fili, a busasshen wuri mai daidaito, ku ja birkin hannu, ku kunna inji da esi na minti 10 zuwa 15. Sai ku leƙa ƙarƙashin motar ta ɓangaren fasinja, daidai bayan inji. A damina ya kamata ku ga ruwa ya ɗiga har ya yi ɗan tabki. Idan ƙasa a bushe take alhali kafet na ƙara jiƙewa, tiyon ya toshe ko ya zare.

A fili na ce, ba a cikin gareji a rufe ba. Hayaƙin salansa na ɗauke da iskar carbon monoxide, wadda ba ta da wari ko launi, kuma ita ce dai ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida.

Yadda ake buɗe tiyon

A kashe inji a bari ya huce, domin a wasu motoci bakin tiyon na kusa da salansa. A motoci da yawa ana iya ganinsa daga ciki: a ɗaga gefen kafet a gaban kujerar fasinja, kusa da tsakiyar mota, za a ga gajeren baƙin tiyo ya fito daga akwatin roba ya shige jikin mota. Idan zarewa ya yi, a mayar da shi a ɗaure. Idan ya tsage, a sauya shi. Idan yana nan daram, a tara roba da tsumma, a zare shi a hankali, ruwan da ya taru zai zubo. A wanke tiyon, a tabbata ruwa na wucewa, a mayar.

Idan ba a iya kai wa gare shi daga ciki, sai ta ƙasa. A mammatsa bakinsa da yatsa, sau da yawa wannan kaɗai kan sa laka ta faɗo ruwa ya biyo. In bai yi ba, a zura siririyar igiyar roba mai ɗan ƙarfi, a juya ta a hankali, kada a wuce tsawon yatsa ɗaya ko biyu. Kada a yi amfani da waya mai tsini, spoka ko sukundireba. Ƙarfen sanyin nan na alminiyom ne marar kauri, idan aka huda shi gas ya tsere, sai an kwance dashbod gaba ɗaya, gyaran 'yan mintuna ya koma na kuɗi masu yawa. Wasu kan je wurin mai faci a hura iska. In za a yi haka a hura kaɗan-kaɗan, iska mai ƙarfi na iya fizge tiyon daga mazauninsa ko ta watsa lakar ciki. Injin zuƙe ƙura na masu wankin mota ya fi, domin shi janyo dattin yake yi waje.

Maigida, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a ƙasar damina mai laushi. Idan sai an shiga ƙasa, a kai gareji mai rami. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ba ka gane tiyon ba ka bar wa mai gyaran esi.

Idan kun je wurin mai gyara, ku faɗa masa abin da kuka gani dalla-dalla: esi na sanyi, ruwa ba ya ɗiga a ƙasa, kafet na jiƙewa. Ku ce ya fara duba tiyon zubar da ruwa. Toshewar tiyo ba ta da alaƙa da gas, don haka esin da ke sanyi lafiya ba ya buƙatar ƙarin gas saboda wannan matsala. Inda maganar gas ko filta ke shigowa shi ne idan iska na raguwa a doguwar tafiya, sannan ruwa mai yawa ya zubo bayan an tsaya. Wannan na nuna ƙanƙara na kama ƙarfen, sai a bincika dalili. Kafin ku biya, a kunna esi ku ga ruwa na ɗiga a ƙasa da idonku.

Busar da kafet shi ne rabin aikin

Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, alhali lafiyar yara a nan take. A fitar da tabarman ƙafa a wanke a shanya. A ɗaga kafet, a matse soson da ke ƙasa da tawul ko a zuƙe ruwan da inji, a tokare kafet ɗin da itace don iska ta shiga. A bar ƙofofi a buɗe a rana, in marka ta hana a sa fanka ta wuni tana hurawa. Yana iya ɗaukar kwana biyu ko uku. Soson da ya yi baƙi yana wari, a cire shi a sa sabo, wanki ba ya fitar da fumfunar da ta shige cikinsa.

Wurin da fumfuna ta taɓa a goge da ruwan omo, a bi da farin ruwan khal, a busar. Mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu, kuma kada mai asma ko yara su tsaya kusa. Kada a haɗa bilic da ruwan khal ko da wani sinadarin wanki, haɗin na fitar da iska mai ƙona huhu. Turaren fesawa, na ratayawa da turaren wuta duk rufe wari suke yi, fumfunar na nan, kuma su kansu suna iya tayar da asma.

Akwai ribar aljihu ma a busarwar. A motoci da yawa wayoyi da ƙwaƙwalwar mota suna wannan kusurwa ta ƙafar fasinja. Ruwan da ya daɗe a wurin na cinye mahaɗan waya, ya ƙona fankar esi, ya sa ƙasan mota tsatsa.

Maganin da ke cikin mota

Ku buɗe aljihun dashbod ku duba. Yana dab da inda ruwan ke taruwa, kuma nan ne ake jefa maganin hawan jini, na ciwon kai da na zazzaɓin yara. Ku karanta kwalin, akasari an rubuta a ajiye a busasshen wuri ƙasa da digiri 30. Motar da aka rufe a rana na iya haura digiri 50, ga kuma danshi a kai.

Asfirin da danshi ya taɓa yakan yi warin ruwan khal, alamar ya lalace. Ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su narke sukan kumbura su farfashe. Garin gishiri da sukari na gudawa yakan dunƙule. Kafso kan yi laushi ya manne. Tsinken gwajin sukari da ya sha danshi na iya ba da sakamakon ƙarya, mai ciwon sukari ya yi aiki da shi. Insulin ba ya jure zafi, shi kuma gwangwanin shaƙa na masu asma iska ce a matse a ciki, ba a barin sa a mota mai zafi. Duk maganin da kwalinsa ya jiƙe, ko ya sauya launi ko wari, a kawo wa mai harhaɗa magunguna ya duba kafin a sha. Maganin da ake buƙata a hanya a riƙe shi a jaka, a sauka da shi.

Kafin ya sake faruwa

Sau ɗaya a mako a damina, idan kun tsaya da esi a kunne, ku leƙa ƙasa ku ga ko yana ɗiga. Ku riƙa kwashe ganyen da ke taruwa a gindin gilashin gaba, musamman in ƙarƙashin bishiya kuke ajiye mota. Motoci da yawa irin su Corolla, Camry da Accord na da filtar iskar ciki a bayan aljihun dashbod. A duba ta bayan hunturu kafin ruwa ya sauka, a sauya idan ta yi baƙi. Idan an dawo daga hanya mai taɓo, a ce wa mai wanki ya wanke ƙasan motar. Saura minti biyu ko uku ku isa gida, ku kashe maɓallin esi ku bar fanka na aiki, hakan na rage danshin da zai kwana a ciki. Lokaci-lokaci kuma a sauya zuwa maɓallin shigo da iskar waje.

Uwargida, ke ce kika fi zama a wannan kujera, ke za ki fara jin sanyi a ƙafa ko warin rima. Gobe da safe kafin a ɗebi yara, ɗaga tabarmar ƙafa ki danna kafet da tafin hannu. In kin ji laima, a duba tiyon a ranar, a kuma bar gilasai a ɗan buɗe har sai an busar da motar.